Shekarar da Muka Rushe Zaure da Hannunmu

Abba, ranar Juma'ar nan da ta wuce ka zo da wani mutum mai igiyar awo, kuka tsaya a ƙofar gida kuna magana ƙasa-ƙasa. Kun ɗauka ina ɗaki ina jan carbi. Ina ɗakin, carbin ma yana hannuna, amma kunnena bai tsufa tare da gwiwoyina ba. Na ji mutumin ya ce in aka ture wannan tsohon zaure na ƙasa, shagunan bulo za su fito masu kallon kwalta. Na ji ka ce masa ya dakata tukuna, sai ka lallaɓa Inna. To ga Inna, ba sai ka wahalar da bakinka ba. Wannan na rubuta shi ne dominka da ƙannenka, har da waɗanda ke Kano ba sa leƙo mu sai da Sallah, saboda na lura labarin zauren nan a bakin mutanen gari kuka ji shi, su kuwa mutanen gari dariyar kawai suka riƙe. Kun tashi ana tsokanarku da 'ya'yan Tela Mai Gaggawa, wanda ya rushe gidansa tun katafila ba ta zo ba. Kai a shekarar kana Kabo wajen kawunka kana koyon gyaran babur, ƙannenka kuma ba su yi wayo ba. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa zaunar da ku ba. Yau zan zaunar da ku.

Zauren farko kakanku ne ya gina shi, wanda ka ci sunansa, shi ya sa har yau bakina bai taɓa kiran sunanka na yanka ba. Azarar rufin daga giginyar da ya saro a fadama ce tun ba a haifi babanku ba. Ku 'yan zamani ba ku san azara ba. Ba katakon kasuwa ba ce da gara ke cinyewa a damina guda, gadonta ake yi kamar gona. A zauren nan babanku ya kafa kekensa na ɗinki, a nan dattawan unguwa ke taruwa bayan la'asar. Ni ba mai fita ba ce, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba, don duniya ce take zuwa ta same ni. Akwai 'yar taga a bangon ciki wadda nake miƙa abinci ta nan, turmina kuma a gindinta yake. Ta tagar nan na san farashin taki, na san wanda ya saki matarsa da wanda yake shirin mai da ita, na san muryar kowane namiji a garin nan ba tare da na ga fuskarsa ba. Kakarku Iya, mahaifiyar babanku, ɗakinta a jikin katangar gaba yake, bango ɗaya da zauren. Takan ce ni ce rediyon gidan, kuma ba na cin batir.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda aka ce an kawo Shari'a. Mun yi murna, kada wani ya gaya muku ba mu yi ba. Mun gaji. Kananzir ya gagara, taki sai mai uwa a gindin murhu, kullum rediyo na cewa a tsuke bakin aljihu, alhali aljihun ma ya yage. Muka ce to yanzu babba da yaro za su tsaya a gaban alƙali ɗaya. Hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu kuwa, ka yi gabas Kabo, ka yi yamma Gwarzo, ba wannan kwaltar da kuke gani ba ce. Jar ƙasa ce, da rani rami, da damina taɓo. A kanta muka rasa Bilki, wadda take bin ka. Zazzaɓi ya sanƙarar da ita cikin marka, motar da ta ɗauko su ta kafe a bakin rafi, babanku ya saɓa ta a kafaɗa ya kama hanyar asibitin Gwarzo a ƙasa. Bai kai ba. Ya juyo da ita a kafaɗar da ya tafi da ita. Ku riƙe wannan, don in ba ku riƙe shi ba, ba za ku gane sauran ba.

Cikin bazara, zafi ya kai inda kaza ke buɗe baki, sai ga wata farar mota da mutane masu hular roba. Suka yini suna leƙe ta cikin wani ƙarfe mai ƙafa uku, suna kafa turaku, suna shafa jan fenti a bangon mutane. Namu zauren aka shafa masa a daidai gefen ƙofa, aka shafa wa katangar gaba. Labari ya cika gari cewa wasu mutanen wata ƙasa mai nisa sun ba da tallafi a gyara hanyoyin da ke haɗa garuruwa da kasuwanni, kuma kyauta ce, ba bashi ba. Wannan kalma ta kyauta ta yi wa mutane daɗi ƙwarai. Iya kaɗai ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin kyautar da ta fara da shafa wa mutum jini a bango ba.

Bayan kwana kaɗan Kansilanmu ya tara dattawa a zaurenmu. Sunansa Tanko, ɗan maƙwabcinmu ne na ƙarshen layi, siyasa ta ɗaga shi. Ina gindin taga ina surfe, na rage ƙarfin taɓarya. Ya ce katafila na nan tafe kafin ruwa ya sauka, kuma katafila ba ta san azara ba, ba ta san ƙyaure ba, abin da ta tarar niƙewa take yi. Mai hankali shi ne wanda ya kwance kayansa da hannunsa tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce za a biya diyya, har siminti za a ba mutane. Ya ce kuma baƙo ne zai zo mana, wa ya taɓa ganin an bar baƙo ya share wa kansa wurin zama? Daga nan ya juya kan babanku, ya ce kowa a garin nan ya san Tela ba ya magana biyu, in ya fara kowa zai bi.

Iya tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ita ma ta ji. Tsohuwa ba ta da shamaki, ta ɗaga murya ta tagar.

"Kai Tanko, na ji an ce har bangon ubanka an shafa wa jan nan. Ku yaushe za ku fara?"

"Iya, ai babba ke fara sa hannu a akushi."

"A akushin tuwo dai," in ji ta, "ba a na garwashi ba."

Maza suka yi dariya, taro ya watse a kan dariyar. Amma da suka fita, Tanko ya ja mai unguwa jikin katanga, inda ya ɗauka babu kowa. Ni kuwa na zagaya zan zubar da ruwan surfe. Na ji shi da kunnena yana cewa ai ba a yanke ba tukuna, hanya biyu aka auna, ɗaya ta nan, ɗaya ta garin hayin rafi. In masu aikin suka dawo suka tarar mun share, kunya ma ta sa su bi ta nan.

Da babanku ya shigo cin abinci na gaya masa, kalma bayan kalma, har da yadda Tanko ya yi gyaran murya. Na ce Malam, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Na ce ruwa ya kusa, rijiyoyi sun ja baya, ko tubali ɗaya ba mu da shi a ƙasa, kuma shi ya fi ni sanin ba a ginin ƙasa da damina. In zauren nan ya faɗi yanzu, ba mai tayar da shi sai bayan kaka. Ya daɗe yana juya tuwo a miya bai kai baki ba. Na ɗauka na ci nasara. Ashe maganar da na kawo don ta tsayar da shi ita ce ta tura shi.

"Kenan in ba a share ba, hanyar za ta iya komawa hayi," in ji shi.

Na ce haka na ji.

"To wata Bilkin fa?"

Wannan shi ne mutumin da aka raɗa wa Mai Gaggawa. Ya san abin da Tanko ya ɓoye, ya sani sarai, ya auna zauren ubansa da 'ya'yan mutane, ya zaɓa. Abin da bai sani ba shi ne shi kaɗai zai zaɓa.

Aka kira gayya, irin wadda ake kira ta noma ko ta rufin ɗaki. Ban taɓa jin an kira gayyar rushe gida ba sai a kanmu. Kuma wa zai ciyar da 'yan gayya? Ni. A shekarar da muke auna hatsi da tafin hannu, na buɗe rumbu na daka fura, na dama kunu, na ciyar da mutanen da suka zo su tone mini asiri. Har da mai ganga. Da sassafe suka hallara da diga da sungumi, sai suka tarar da Iya ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar ƙofar zaure ta zauna, ta miƙe ƙafa. Babanku ya durƙusa a gabanta, maza na tsaye suna kallon ƙasa. Ya yi mata alkawari da kaka zai gina wani daga ciki, da azarar nan dai, ba zai canza ko ɗaya ba. Ta dube shi ta dube shi.

"Ta ƙofar nan aka shigo da ni da guɗa," in ji ta. "Ta nan na so a fitar da ni."

Sai ta naɗe tabarmarta da kanta ta shige ɗaki. Ba ta fito ba har aka gama.

Suka hau suka farfasa rufi, suka zare azara ɗaya bayan ɗaya, babanku na karɓa yana jerawa a gindin rumbu kamar mai kwantar da jarirai. Ganga na tashi, samari na waƙa, Tanko na tsaye cikin farar shadda nesa da ƙura yana nuni da ɗan yatsa. Kafin azahar zaure ya zama tsibin ƙasa, katangar gaba ta bi shi. Ina madafi da ɗaurin ƙirji, gumi na zuba, da ƙura ta lafa na ɗaga kai sai na ga hanya. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin hanya daga bakin murhuna ba. Wani mai keke ya zo wucewa, ya kalle ni, na kalle shi. Shi ya fara sunkuyar da kai, Allah ya saka masa. Na ruga ɗaki na bar miya ta ƙone.

Aka kewaye mu da tsofaffin zana, don sabuwa ba ta samuwa a bazara. Muka zauna jiran katafila da jiran sauran mutane su fara nasu. Wannan ya ce sai ya gama sharar gona. Wancan ya ce matarsa na jego. Wani ya cire ƙyauren shagonsa da safe ya mayar da yamma. Gidan su Tanko kuwa, yaɓe aka yi wa katangarsu, sabon yaɓe mai kyau, ya rufe jan fentin ruf. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Babu katafila, babu farar mota. Awaki suka cinye gindin zana, iska ta kwantar da sauran. Na koma yin girki da mayafi, yin daka da mayafi, ɗiban ruwa da mayafi, a cikin gidana. Kazata ta fi ni sirri, ita tana da akurki.

Keken babanku fa? Kun san namiji ba ya shiga gidan aure a gwada masa riga. Ya fitar da shi gindin darbejiya, hadari na haɗuwa ya kinkimo shi ya shigo, ya wuce ya sake fitarwa. Ruwa ya taɓa wa wani yadinsa, magana ta zagaya, masu ɗinki suka koma wajen wani. Dattawan la'asar suka koma dakalin masallaci, kuma a can aka haifi sunan nan. Yanzu da babu bango, ba sai na kasa kunne ba, komai shigowa yake yi har ɗaki. Na ji wanda ya fara faɗa, na san muryarsa, ya sha furata ranar gayya har ya nemi ƙari. Ya rasu, ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa abokanku ne.

Da abin ya ishe shi, babanku ya hau mota ya tafi neman masu aikin, daga wannan ofis a tura shi wancan, har birni. Ya dawo da yamma ina tsince wake, ya zauna a kan turmi ya gaya mini da wata murya kamar mai karanta labarin wani. Ashe masu tallafin sharaɗi suka sa, sai gwamnatinmu ta zuba wani kaso daga nan gida kafin su saki nasu. Aka ce babu, ana tsuke bakin aljihu. Wa'adi ya wuce, suka naɗe tabarmarsu. Ba ta nan ba, ba ta hayi ba. Batun diyya kuwa, wani ma'aikaci ya tausaya masa ya faɗa masa gaskiya, ginin da ke tsaye ake yi wa kima, wanda mai shi ya rushe da hannunsa ba ya cikin lissafi, kuma ba wanda ya aiko a ce kowa ya taɓa komai. Jan fentin alamar awo ce kawai.

Amma ba haka Tanko ya gaya wa gari ba. Shi a lokacin ya tara gemu, ya ɗage wando, ya zama shugaban kwamitin da ke zagayawa yana yi wa mutane wa'azin gyara hali. A ƙofar masallaci ya tsaya ya ce masu tallafi sun janye ne don mun rungumi Shari'a, jarrabawa ce, a yi haƙuri, lada na nan. Mutane suka yi kabbara. Ina tsakar gida ina jin su. Wato ya ɗauki ƙaryarsa ya lulluɓe ta da addinin Allah, yadda duk wanda ya tambaye shi sai a ce da Shari'a yake faɗa. Na sha ganin maƙaryata, amma ban taɓa ganin wanda ya yi alwala da ƙarya ba sai shi.

Bai tsaya nan ba. Wata ranar Alhamis da hantsi ya zo da 'yan kwamitinsa, suka tsaya a kan tsibin ƙasar zaurenmu suka yi sallama da babanku. Bayan doguwar gaisuwa, ya gida ya iyali ya ruwa, sai Tanko ya ce an kawo musu koke, masu wucewa na hango matan gidan nan, wannan bai dace da zamanin da muke ciki ba, ya kamata Tela ya ji tsoron Allah ya suturta iyalinsa. Ni da ko sunan mijina ban taɓa faɗa ba, ni da baƙo namiji bai taɓa jin muryata sama da amsa sallama ba, ban san lokacin da na isa jikin yagaggiyar zanar nan ba.

"Tanko, ni ce matar Tela. Suturar da kake magana, bango ce, kuma kai ka sa aka rushe ta. Na ji abin da ka gaya wa mai unguwa a jikin katangar nan tun tana tsaye. Ban yi karatu mai nisa ba, amma Shari'ar da aka koya mini ta ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Je ka kwance katangar ubanka mai sabon yaɓe ka kawo mini aro."

Tanko ya juya wajen babanku ya ce ya ja wa iyalinsa kunne, bai kamata a ji muryar mace a waje ba. Babanku, mutumin da ko akuya ba ya yi wa tsawa, ya cire zaren da ke bakinsa.

"Da zaure ake tare murya, Kansila. Kawo zaure."

Suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Iya daga ɗaki ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ita ce dariyarta ta ƙarshe da na ji.

Don marka ta zo. Ɗakin Iya da ma katangar gaba ce ke kare masa ruwa, yanzu ya tsaya tsirara. Bangon ya jiƙe ya yi gansakuka, sanyi ya shige ta a ƙirji. Na dawo da ita ɗakina, na yi mata gashi, na dafa duk saiwar da aka ce. Aka yi maganar asibiti, amma rafi ya kawo, ko motar ɗaukar kaya ba ta ratsawa, hanyar nan dai da muka rushe gida dominta. Ta cika da safe, kanta a cinyata. Da za a yi mata wanka, babu inda ido ba ya kaiwa a gidan, ɗakina kuma ya yi kaɗan. Matan unguwa suka kwance mayafansu da zannuwan da suka zo da su, suka jeru suka riƙe su sama, hannu ya gaji a canza hannu, yayyafi na sauka a kanmu. A bayan bangon zannuwa aka wanke matar da mijinta ya gina zauren da ya fi kowanne a layin nan. Likkafaninta ɗanta ne ya ɗinka, da allura.

Da maza suka ɗauki makara za su fita ta inda zana ta faɗi, babanku ya ce su dakata. Ya je gindin rumbu ya jawo azara. Ya sa mutum biyu suka tsayar da guda biyu a daidai inda ƙofar zaure take a da, tafasa har ta tsiro a wurin, shi da wani suka ɗora ta uku a sama suka riƙe. Wasu suka fara kallon juna, suna tsammanin baƙin ciki ya taɓa masa kai. Liman ya matsa gefe. Aka sunkuya da makara aka bi ta tsakanin azarar nan aka fita da ita. Ina leƙe ta ƙofar ɗaki. Iyakar abin da ya iya cika mata na alkawari ke nan. Zaman makoki kuwa a zauren maƙwabci aka yi, zauren aro, kamar wanda ba shi da asali a garin. Tanko ya zo gaisuwa, na ji muryarsa tana jan addu'a ta fi ta kowa tsawo.

Kaka na yi, ana gama kai amfanin gona gida, babanku ya fita ya tuge turakun masu awo ya kawo mini na hura wuta da su. Mai unguwa ya aiko a ce masa wurin nan fa yanzu na hukuma ne. Babanku ya ce a gaya masa in katafila ta zo ta rushe da kanta, shi ya gama yi mata aiki. Aka ce ya kira gayya, ya ce gayyar da ta rushe ba za ta gina ba. Shi ya haƙo ƙasa, shi ya kwaɓa da ƙafarsa, ni da 'yan matan gidan muka ja ruwa har tafin hannuna ya fashe, muka mulmula tubali muka shanya. Magini ɗaya ya ɗauka. Kai ma an kira ka daga Kabo ka zo ka miƙa tubali, kana ta ƙunƙuni, ko ka manta? A kan tsohon tushe aka ɗora shi, ba a matsa ko taki ɗaya ba, aka mayar da azarar kakanku, aka bar mini tagata a inda take. Ranar da aka sa ƙyaure na cire mayafi na tsaya a tsakar gida, na ji iska a wuyana, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar mutuwar Iya.

Babanku ya mayar da kekensa ciki, amma dattawan la'asar ba su dawo ba, shi ma bai kira su ba. Sunan nan ya bi shi har kabari, bai taɓa tanka wa kowa ba. Kwaltar kuwa sai da ya yi shekaru a ƙasa sannan ta zo, wasu mutane daban, da wani tallafin daban, suka sake awo. Kun ga inda ta bi. Ta wuce ta bar tsakaninta da zaure filin da akuya ke kwanciya ta yi tuƙa. Ko a wancan karon aka yi ta, watakila haka za ta wuce. Ranar buɗe ta na ji Tanko a lasifika, ya tsufa amma muryar ba ta canza ba, yana cewa shi ya fara wannan gwagwarmaya tun mutane ba su gane ba. Ina gindin taga. Na ce Allah ya isa, a hankali, sau ɗaya, na ci gaba da tankaɗe. Ban ƙi kwalta ba. Jikata ta haihu a asibiti cikin marka, mota ta kai ta kafin ruwan shayi ya huce, na tuna Bilki na yi hamdala. Mutumin da ya fi kowa son hanyar nan shi ne bai taka ta ba.

To Abba, ban hana ka neman abinci ba. Ga wajen tsohon rumbu nan ta gefe, shi ma yana kallon kwalta, ka gina shagonka, Allah ya sa albarka. Amma zauren nan an taɓa rushe shi sau ɗaya saboda wani ya zo da lissafin alherin da ke tafe, na ga abin da ya biyo baya. Iya ba ta samu ba sai ƙofar da maza suka riƙe da hannu. Ni ina so in fita ta ƙofa mai bango. In kun fitar da ni kun dawo, gidanku ne, ku yi yadda kuka ga dama, azarar dai ku zare ta da hannu, ku raba a tsakaninku. Ka gaya wa mai igiyar awon nan haka. Kuma in ya dawo, ba sai kun wahalar da kanku da magana ƙasa-ƙasa ba. Ina ji.